Kejin da Baba Ya Haɗa

Litinin, 4 ga Maris, 1996. Bayan la'asar.

Yau Sabi'u na ƙungiyar direbobi ya zo garejina ya ɗora mini abin da ban nema ba. Direbobin tashar Jega da na Aliero sun shirya tseren motoci ƙarshen watan nan, a wata tsohuwar hanyar burji bayan Andarai, kuma wai ni zan duba motocin kafin a bar su su shiga. Dalili, na taɓa aiki a kamfanin haɗa motoci a Kaduna. Na ce masa ni ƙofa nake ɗaurawa a can, ban taɓa ganin tsere ba. Ya ce duk Jega ba wanda ya ɗaura ko ƙofar, don haka ni ne.

Ya karanto mini dokokinsu. Yawancinsu ba ruwana da su: kar a sha komai, kar a ɗauki fasinja. Guda ɗaya ce tawa. Kowace mota sai an haɗa mata keji na ƙarfe a ciki, mai ƙafa huɗu, da ƙarfe ɗaya da ya gitta ta baya, da walda ba da noti ba, yadda in mota ta kife rufin ba zai danne direba ba. Iyakarta ke nan. Na ce to, don in samu ya tafi in ƙarasa aikina.

Laraba, 6 ga Maris. Da hantsi.

Ridwan ya biyo, ƙanen matata Raihanatu. Tun yana yawo ba wando yake tsokanata, ni ma ban taɓa raga masa ba, don ƙanen mata abokin wasa ne. Ya leƙo ta tagar tsohuwar Fijonsa da yake jigilar albasa da ita daga Aliero.

"Injiniya, an ce kai anka ba alƙalanci. To ka sani, in ka kada ni, Yaya na kada ka da yunwa."

Na ce, "Wagga akwalar taka ko akuya ba ta tsere ma."

Ya ce Baba ne da kansa yake haɗa masa kejin. Nan dariyata ta tsaya.

Baba surukina ne. Ko a nan ba na rubuta sunansa. Raihanatu ce 'yarsa ta fari, don haka kunyar da ke tsakaninmu mai nauyi ce: ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya lungu nake shiga, shi ma yana yin kamar bai gan ni ba. A walda kuwa duk garin nan ba na biyunsa. Rabin amaren Jega a kan gadon da ya haɗa suka tare.

Tun haɗarin motar da ya ci Idris, wan Ridwan, Baba bai sake taɓa ƙarfen mota ba. Ban san abin da ya sa ya yarda yanzu ba. Ko kuma na sani.

Asabar, 9 ga Maris. Bayan azahar.

Ridwan ya kawo motar in canza masa mai. An gama kejin. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin aiki mai kyau haka ba. Bututu mai kauri, walda sumul, ƙafa huɗu cif, ga ƙarfen baya ya gitta yadda aka ce. Baba har sabuwar leda ya shimfiɗa a ciki kamar ɗakin amarya.

Sai na shiga ramin duba ƙasan mota na ɗaga kai.

Ƙasan motar ya mutu. Shekara da shekaru ruwan ruɓaɓɓiyar albasa yana kwanciya a kai, tsatsa ta cinye shi daga ƙasa. Wani ya taɓa yi masa faci da siririn falle daga sama, to a kan facin nan Baba ya dasa ƙafafun. Daga ciki ba za ka gane ba, kuma Baba ba shi da rami, bayansa ma ba ya barinsa ya kwanta ƙarƙashin mota. Na danna da babban yatsa, tsatsa ta zubo mini a ido. In motar nan ta kife, kejin ba zai lanƙwashe ba, ƙafafun ne za su fasa ƙasan su wuce, kamar ka taka busasshiyar ƙwarya.

Na fito na gaya wa Ridwan. Ya kwashe da dariya. Na ce wallahi ba wasa nake ba. Ya ƙara darawa har da riƙe ciki, don duk ranar da zan shirga masa ƙarya da wannan rantsuwar nake farawa. Na ce ya shigo ramin ya gani. Ya ce ai ya sani, so nake ya shiga in zubo masa baƙin mai a ka kamar bara.

Na ce ya bar mini motar kwana biyu in gyara ƙasan. Ya tambaya ko sai an taɓa kejin. Na ce dole a yanke ƙafafun a sake dasa su.

"Ka yanke waldar Baba? Injiniya, rana ta taɓa ka."

Ya ja motarsa yana yi mini oda.

Lahadi, 10 ga Maris. Da safe.

Na sa Sabi'u ya sake karanta mini dokar. Ba ta ce komai ba a kan abin da ƙafafun za su taka.

Talata, 12 ga Maris. Bayan magariba.

Na yi wa Raihanatu maganar tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"To ka hwaɗa mishi mana."

Ta san ba zan iya ba. Na ce ita 'yarsa ce, ita za ta iya. Sai ta ajiye rariyar. Ta ce tun da aka fara aikin kejin nan Baba yake cinye tuwonsa. Ta ce da yamma kujera yake ɗauka ya zauna kusa da motar, yana shafa ƙarfen. Ta ce ta ji shi yana gaya wa mahaifiyarta cewa da a wancan lokacin akwai irin wannan a cikin... Ta ɗauki rariyarta, ni ma ban ƙarasa mata ba.

"Ni ba ni kai mishi wagga magana. Ka nemo wata hanya."

Na ji haushinta, kuma ba ni da bakin faɗa. Zafi ya yi yawa yau. Na gaji.

Alhamis, 14 ga Maris. Bayan la'asar.

Taron masu shirya tsere a rumfar tasha. Na je da niyyar a ƙara layi ɗaya a dokar: a sa faifan ƙarfe mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa, a kama shi da shasi, ƙashin motar. In dokar ce ta faɗa, ba ni na faɗa ba, kuma Baba zai gyara ba tare da an kira sunan kowa ba.

Kafin in buɗe baki an cinye lokacin da gardama. Wani yana so a ce ƙafa shida ma huɗu ce da ƙari. Wani yana tambaya ko ƙarfen baya daga dama zai gitta ko daga hagu. Yusufu na Aliero, wanda ya haɗa nasa da bututun ban-ruwan gonarsu, ya rantse tun da doka ba ta faɗi irin bututun ba, ba mai hana shi. Da gaskiyarsa, ba ta faɗa ba.

Da na kawo tawa, Sabi'u ya ce kowa ya riga ya gama walda, ba wanda zai sake yankewa.

"Doka ta ce ƙahwa huɗu. Ka ƙidaya huɗu, ka ja ƙarhe ka ji ya riƙe, ka ce ta wuce. Mi ab abin wahala?"

Na ce ai ƙarshen dokar ya ce yadda rufin ba zai danne direba ba. In kejin zai nutse, ba a cika wannan ba. Ya ce wancan bayani ne, ba doka ba. Na ce to me ya sa aka rubuta shi? Ya ce don a gane amfanin kejin. Na ce ni ma amfanin nake magana. Muka yi ta zagaye wuri ɗaya har aka kira sallah.

Na ce to na sauka, su nemi wani. Sabi'u ya ce ba komai, shi zai duba, ai ya iya ƙirga huɗu. Sai na ce ban sauka ba.

Asabar, 16 ga Maris. Da hantsi.

Na sayi goro na tafi wajen Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba. Ita ce ke kai masa duk maganar da ba ta faɗuwa. Na yi mata bayani dalla-dalla, har zane na yi mata a ƙasa da tsinke. Ta yi ta gyaɗa kai. Ta ce in kwantar da hankalina, ta san yadda ake shigar wa yayanta.

Na ɗan ji sauƙi. Na ci abinci sosai yau.

Litinin, 18 ga Maris. Bayan azahar.

Ridwan ya zo da saƙo. Baba ya gode, ya ji an ce na yaba aikin, kuma maganar ƙasan mota da na yi ya ɗauka. Ya buɗe mini ƙofa in gani. Baba ya ɗaga ledar ya shafa wa facin sabon fenti baƙi, ya mayar da ita.

Ashe Gwaggo ta yi ta rage wa maganar kaifi don kar ta soki ɗan'uwanta, har ta kai masa ita ba ko tsini. Ban ga laifinta ba. Ni ma da na iya kai ta da kaifinta ai da ban aike ta ba.

Ridwan ya ce, "Ka gani? Yanzu ko madubi albarka." Na ce ya fita mini daga gareji. Ya tafi yana dariya.

Laraba, 20 ga Maris. Bayan la'asar.

Na je da kaina.

Tun daga bakin layi na cire takalmi. Na durƙusa nesa da rumfar waldarsa, kaina a ƙasa. Yana zaune kusa da motar, ya juya fuskarsa gefe yadda ya saba. Na gaida shi. Ya amsa. Ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina aiki. Na sake gaida shi. Maganar tana nan a bakina, na shirya ta tun daga gida, kalma biyar ce ko shida. Na tsaya ina kallon ƙafarsa, duk tabon tartsatsin walda.

Sai ya yi magana, ba da ni ba, da motar.

"A hwaɗa ma mai duban mota, wagga ko sau goma tak kihe, rufinta ba shi taɓa kan yaro. Na yi alkawali."

Na ce, "Allah shi sa, Baba." Abin da na ce ke nan. Na ɗauki takalmina na dawo.

Ina jin kunyar kaina, kuma ina jin haushin kowa.

Juma'a, 22 ga Maris. Bayan masallaci.

Zafi. Ban yi aikin kirki ba. Na gaji.

Lahadi, 24 ga Maris. Da yamma.

Na yi ta gaya wa kaina ba lallai ta kife ba. Yaron ya iya tuƙi. Hanyar ba ta da kwana mai tsanani sai guda, wajen kwalbati. Ƙafa huɗu, ƙarfe ɗaya, walda. In na ce ta wuce ban yi wa doka ƙarya ba, kuma ba wanda zai taɓa tuhumata.

Na sake tarar Ridwan a tasha, na ja shi gefe, na ɗaure fuska iyakar iyawata. Na ce ranar duba ba zan bar motarsa ta wuce ba, gara ya janye da kansa ya ce inji ne ya ƙi. Ya kalle ni, har na ɗauka ta shiga. Sai ya juya ya kira abokansa su zo su ga yadda Injiniya ya ƙware, ko gezau fuskarsa ba ta yi.

Shekara nawa ina yi wa yaron nan wasa. Yau ina neman ya yarda da ni sau ɗaya, babu hanya.

Talata, 26 ga Maris. Da safe.

Raihanatu ta tambaye ni me na yanke. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ka sani."

Alhamis, 28 ga Maris. Bayan magariba.

An duba motoci a filin tasha. Ta Ridwan ba ta wuce ba.

Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 29 ga Maris. Da hantsi.

Raihanatu ta tafi gidansu da yara, wai za ta duba Baba. Wanda zai je dubiya ba ya ɗaukar tukunya.

Ban san Baba zai zo filin jiya ba. Da babbar rigarsa ta Juma'a ya zo, aka ba shi benci a gaba. Da aka zo kan motar na matsa kusa da Ridwan na faɗa masa a hankali. Shi ne ya ɗaga murya, yana dariya, ya ce jama'a su ji, Injiniya ya ce motar Baba ba ta wuce ba. Aka yi dariya. Sabi'u ya ce to in ba wasa ba ne in nuna inda ta saɓa doka, ga ƙafa huɗu, ga ƙarfen baya, ga walda. Kowa ya zuba mini ido.

Na yaye ledar. Na kafa sukundireba kusa da ƙafar gaba na jingina a kai. Ta shige har mariƙi.

Guda ɗaya ta isa. Kowa ya gani. Ban san abin da ya sa na zagaya na yi wa duka huɗun ba. Haushin makonnin nan ne, ina ji, na Gwaggo da na Sabi'u da na kaina. A ta ƙarshe har ƙafar ta sulluɓe ƙasa, kejin ya karkata. Wani daga baya ya yi dariya, wani ya ce ashe mai gadon amare gado ya haɗa.

Ban kalli bencin ba. Ban taɓa kallon Baba ba ai, me zai sa in fara ranar. Sautin takalminsa kawai na ji.

Asabar, 30 ga Maris. Bayan la'asar.

An yi tseren. Na je don dole, na tsaya wajen kwalbatin nan rana tana dukana. Mota bayan mota suka sha kwanar. Ba wadda ta kife. Ko tangaɗi babu wadda ta yi.

Yusufu ne ya ci, da bututun ban-ruwansa. A hanyar dawowa mutum uku suka ce mini da Ridwan ya shiga da shi zai ci. Sabi'u ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga ni? Lahiya lau anka ƙare."

Alhamdu lillahi da ba wanda ya ji ciwo. Na faɗa, kuma har zuciyata. Amma akwai wani abu a raina da ya so ko guda ta ɗan karkata, kuma na tsani wannan abin.

Talata, 2 ga Afrilu. Da safe.

Na bi ta bakin layinsu. Rumfar walda a rufe. An ce wata mata daga Dangamaji ta zo ta kwashe ƙarafan gadon 'yarta ta kai wa wani.

Gidan shiru. Na dafa shayi ya ƙone, ban san shayi yana ƙonewa ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu. Bayan masallaci.

Baba bai zo masallaci ba. Na gaji.

Lahadi, 7 ga Afrilu. Da yamma.

Na je wajen Gwaggo Tabawa in roƙe ta ta kai ban-haƙuri. Ta karɓi goron ta ajiye gefe. Ta ce wannan karon ba ta san yadda ake shigar masa ba. Ta ce ba maganar mutane ce ta kwantar da shi ba. Tun ranar ba abin da yake maimaitawa sai cewa da hannunsa ya kusa sa ɗa na biyu a ciki.

Na ce to ai ya ga gaskiyata ke nan. Ta dube ni ta ce, "Waliyyu, wa yac ce ba ka da gaskiya?"

Talata, 9 ga Afrilu. Bayan magariba.

Raihanatu ta dawo. Ba wanda ya je biko, da kanta ta dawo. Ta share tsakar gida, ta ɗora tukunya, ta kawo mini tuwo. Na ce mata ta yi haƙuri, ba ni da wata hanya.

Ta ce ta sani. Ta ce ita ma ta taɓa hango titi ta ƙarƙashin ƙafarta ranar da Ridwan ya kai ta Birnin Malam suna, kuma duk makonnin nan addu'arta in hana shi.

"Na gode da kab bar min ƙanena. Amma huɗu, Malam? Gaban mutane, huɗu?"

Tuwon ya huce a gabana.

Alhamis, 11 ga Afrilu. Da hantsi.

Ridwan ya tsaya a bakin gareji. Na miƙe da sauri, har na shirya abin da zan ce a kan akwalarsa. Ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ina kwana, Malam. An tashi lahiya? Yaya tac ce in kawo ma albasa."

Ya ajiye ƙullin a gefe, kansa a ƙasa. Na ce ya tashi mana, mene ne haka. Ya ce ba komai, Malam.

Na leƙa motar. Babu kejin. Baba ya sa an yanke shi gaba ɗaya, ya ce kar ya sake ganinsa. Ramuka huɗun suna nan, an toshe su da tsumman buhu. Na ce ya bar mini ita yau in gyara ƙasan, yanzu ai ba waldar kowa da za a yanke. Na ce don Allah. Ya ce ya gode ƙwarai, amma lodi na jiransa a Aliero, sawu uku zai yi kafin dare, gobe ma haka.

Wannan karon ya yarda ba wasa nake ba. Ya gaishe ni ya shiga ya ja, da gudun da ya saba.